Mabuɗin Ɗakin Shinkafa

A Ambursa ba a ajiye kyanwa don ado. Kowane gida da ke noman fadama yana da buhunan shinkafa, kuma inda shinkafa take, nan ɓera yake. Tamu mun same ta ne daga surukata, Inna, wadda ke kiranta mussa irin na mutanen nan. Yarana suka raɗa mata Fara.

Da na samu aikin akawu a wani ofishi a Birnin Kebbi, murna ta cika gida, don shekara huɗu na yi da takarda a akwati. Sai dai aikin ya zo da nasa agogon. Kafin asuba na ɗora tukunya, ƙarfe bakwai ina bakin titin Argungu ina jiran mota, ba na dawowa sai dab da magariba. Inna ta ce da ni, "Ɗiyata, taura biyu ba ta taunuwa." Na yi dariya na ce haƙorana masu ƙarfi ne.

A watan Afrilu, lokacin da zafin Kebbi ke kan ganiyarsa, Fara ta haifi 'ya'ya uku a bayan buhuna cikin ɗakin ajiya. Na sani sarai. Amma wata Litinin, ina sauri don ƙarshen wata ne kuma lissafi bai daidaita ba, na auno shinkafa, na ja ƙofa, na datse kwaɗo, na jefa mabuɗin a jaka. Uwar tana tsakar gida, 'ya'yan suna ciki. Maigidana kuwa ya tafi Sakkwato tun jajibirin ranar.

Da rana wata baƙuwar lamba ta kira ni har sau biyar. Na kife wayar a kan tebur na ci gaba da lissafi.

Da na dawo na iske 'yata Hauwa'u, mai shekara tara, zaune a ƙofar ɗakin, idanunta sun kumbura. Muryar Fara ta dushe, ta kakkarce ƙasan ƙyauren. Muka buɗe. Biyu suna motsi, ɗaya ya riga ya sandare.

"Mama, ni ce na kira ki da wayar maƙwabta," in ji Hauwa'u. "Na ji tsoron fasa kwaɗon kada ki yi faɗa."

Inna ba ta ɗaga murya ba da labari ya kai mata. Ta dai tuna mini hadisin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba. Na ce ai ban yi da gangan ba. Ta ce ta sani, sannan ta tambaye ni, "In da Hauwa'u ce ta ƙone da wuta, da wace lamba za a kira ki?"

Ban ajiye aikin ba, kuɗin makarantar yara daga can yake fitowa. Abin da na ajiye shi ne tunanin cewa ni kaɗai zan riƙe komai. Na sa an yanko mabuɗi biyu, ɗaya na Inna, ɗaya a rataye a ƙusa inda hannun Hauwa'u ke kaiwa. Na adana lambar maƙwabta a wayata. Kowace safiya kafin in datse kwaɗo, sai na leƙa bayan buhunan.