Kafin Ka Saki Anka a Tafkin Kainji

Ɗana, na ji ka sayi ɗan jirgin ruwa mai inji don ka riƙa fitar da iyali shan iska a Yawuri ranar hutu. Allah ya sanya alheri, ya tsare. An ba ni labarin ƙarfin injin da kyan fentinsa da rigunan ceton da ka saya wa yara, kuma na yaba maka. Da na tambayi anka, sai aka ce akwai wani tsohon ƙarfen mota da aka ɗaura wa shuɗiyar igiya. A kan wannan nake so mu yi magana, domin ranar da injin ya mutu a tsakiyar ruwa, iska tana tura ka inda ba ka nufa ba, ba ka da wani abin riƙewa a cikin jirgin nan sai shi.

Mutane da yawa suna zaton nauyi ne ke riƙe jirgi, shi ya sa suke neman dutse, ko gwangwanin da aka cika da siminti, ko guntun inji. A ruwa mai kwanciya, ranar da ba iska, waɗannan za su tsayar da kai har ka ɗauka aiki suke yi. Amma duk abin da aka nutsar a ruwa nauyinsa raguwa yake, siminti ma kusan rabin nauyinsa yake rasawa, kuma abu mai sulɓi jan ciki kawai yake yi a kan laka idan iska ta taso. Anka ta gaskiya aikin garma take yi. Idan aka ja ta a kwance sai bakinta ya nutse cikin ƙasa, ƙarin ja ƙarin nutsewa. Idan aka ɗaga ta tsaye sai ta fito. Ƙasar da ke ƙarƙashin ruwa ce ke riƙe ka. Saboda haka tambayar farko ita ce mene ne a ƙasan wurin da za ka tsaya.

Kainji kuwa ba tafki ne da aka tarar haka ba. An kammala madatsar a 1968, ruwa ya hau ya cinye gonaki da dazuzzuka da garuruwa, har da tsohuwar Busa, aka tashi mutane fiye da 40,000. Itatuwa da yawa suna nan a tsaye ko a kwance a ƙarƙashi, sun zama kututture. Wani wuri laka ce mai laushi, wani yashi, wani dutse, bakin gaɓa kuma burugu ya rufe. Ga shi ruwan ba ya zama a kan mizani ɗaya: akwai cikar damina mai jan laka, akwai wata cikar da ke isowa da sanyi daga can ƙasar Gini bayan ta ratsa Mali da Nijar, kuma tsakanin cikar tafkin da janyewarsa akan sami bambancin kusan mita 10. Wurin da ka tsaya lafiya a watan Janairu, a watan Yuni wani wuri ne daban. Wannan ilimi yana kan Sarkawa da sauran masuntan da suka tsufa a ruwan. Ka je ka gaishe su cikin ladabi, ka tambaye su inda kututture yake, inda suke shimfiɗa raga da mamari, da inda dorina ke kiwo. Abin da za su gaya maka a zama ɗaya ya fi duk wata takarda da aka haɗo maka da jirgin.

Ankar da na fi so wa jirgi irin naka, mai tsawon mita 5 ko 6, ita ce mai faffaɗan haƙora biyu da ke lanƙwashewa su kwanta, wadda ake kira Danforth da sunan Ba'amurken da ya ƙirƙiro ta. A Yaƙin Duniya na Biyu an yi amfani da ita a jiragen da ke sauke sojoji a bakin teku. Ba ta da nauyi, mai kilo 4 ko 5 ta ishe ka, tana kwanciya a ƙasan jirgi ba ta tare wuri, kuma a yashi da laka riƙonta ya ninka nauyinta sau da yawa. Aibinta shi ne ba ta huda ciyawa, ba ta kama dutse, kuma idan iska ta juya gaba ɗaya takan tumɓuke ta ƙi sake kamawa. Akwai mai bakin garma da masanin nan na Ingila, Geoffrey Taylor, ya fito da ita a 1933, da mai kama da dagi da Peter Bruce ya yi a shekarun 1970. Dukansu sun fi jure juyawar iska, sai dai sun fi nauyi da wuyar ajiya, kuma ba ko'ina za ka same su ba.

Kada ka raina ta gida, wato ƙugiya mai yatsu huɗu ko biyar da mai walda ke haɗawa da rodi. A yashi ba ta da wani riƙo, amma a kan dutse da cikin kututture ita ce gwana, kuma tana da wata fa'ida da masu tsada ba su da ita: idan ta maƙale ka matsa mata, yatsan rodin yakan miƙe ya sake ka, ka dawo gida ka lanƙwasa shi da bututu. Ni dai a ganina mai fita Kainji ya riƙe duka biyun, kowace da ranarta.

Yanzu igiya, inda aka fi yin ganganci. Shuɗiyar nan ta kasuwa, wadda kowa ke ce wa nailan, yawanci ba nailan ba ce. Roba ce mai yawo a saman ruwa, rana tana cinye ta har ta riƙa marmashewa a hannu, kuma saboda tana yawo takan naɗe a farfelar inji, taka ko ta wani. Gwajin ba wuya: yanki ɗan guntu ka jefa a bokiti, nailan na gaske nutsewa yake. Shi ake so don yana miƙewa kamar ɗanko, idan igiyar ruwa ta fizgi jirgi sai ya shanye fizgar, ba ta isa ga anka ta tumɓuke ta ba. Mai kaurin milimita 10 ya dace da kai. Tsakanin anka da igiya ka sa sarƙa mai ruwan tutiya, mita 3 zuwa 5. Nauyin sarƙar ne ke kwantar da wuyan anka a ƙasa, ita ce kuma ke gugar dutse a madadin igiya. Ƙarfen da ke haɗa su, mai kusar da ake murzawa, ka ɗaure kusar da 'yar waya, domin motsin ruwa na kwance ta a hankali ba ka sani ba.

Tsawon igiya shi ne rabin maganar duka. Ka auna zurfin ruwa, ka ƙara tsayin goshin jirgi daga saman ruwa, ka ninka sau biyar idan yanayi lafiya lau ne, sau bakwai idan akwai iska. Ruwa mita 4, goshi mita 1, ka ga biyar ke nan. Sau bakwai, mita 35. Na san zai yi maka kamar ɓarna, ruwan da bai fi gaba biyu da ɗoriya ba a sakar masa igiya haka. Amma gajeriyar igiya tsaye take sauka, kuma ja a tsaye shi ne yadda ake cire anka. Kada ka fita da ƙasa da mita 50. Ka yi wa igiyar alama da ƙyalle a kowace mita 10, kuma ƙarshenta ya kasance a ɗaure da jirgi tun kana tudu. Ba ɗaya ba, ba biyu ba, an ga mutum ya saki anka ya tsaya yana kallon wutsiyar igiya tana bin ta cikin ruwa.

Wajen sakin anka, ba a jifa. Ka fuskanci iska, ko gudun ruwa idan shi ya fi ƙarfi, ka rage gudu har jirgi ya tsaya, sannan ka zura ta da hannu har ka ji ta taɓa ƙasa. Bar iska ta ja ka baya kana sakin igiya kaɗan-kaɗan, don kada sarƙa ta taru a kan ankar ta harɗe ta. Idan ka saki abin da ya isa, ka ɗaure, ka sa inji baya a hankali. Ɗora tafin hannunka a kan igiyar: idan ta yi tauri shiru, ta kama, idan kana jin tana karkarwa tana tsalle, jan ciki take yi, ɗago ka sake. Daga nan ka dubi gaɓa ka zaɓi abu biyu da suka yi layi, misali giginya da hasumiyar masallaci a bayanta. Muddin suna tare kana nan. Idan suka fara rabuwa, tafiya kake. Ka tuna kuma jirgi zai kewaya ankarsa idan iska ta juya, musamman a farkon damina da hadari kan taso daga gabas cikin 'yan mintoci, don haka ka bar fili ta kowane gefe.

A cikin jirgi, anka ta sami mazauninta a gaba, a ɗaure, kada ta riƙa tsalle tana dukan jikin jirgi ko ƙafar yaro. Igiya a nannaɗe cikin kwando ko bokiti, ɓangaren anka a sama, ba a ƙarƙashin kular abinci da tabarmi ba. Wanda ke sakinta kada ya taka cikin naɗin, kada ya naɗa ta a hannu.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne wurin ɗauri. A goshi ake ɗaure anka, ba a gefe ba, ba a baya ba, ko da na minti biyar ne don yara su jefa fatsa. An ƙera goshi ya hau igiyar ruwa. Baya kuwa gajere ne, faffaɗa, ga nauyin inji da mai a kansa. Igiya ta ja shi ƙasa, ruwa ya shigo ta sama, kafin ka ce me jirgi ya kife. Ranar 28 ga Fabrairu 2009 wasu samari huɗu suka fita kamun kifi daga Clearwater a jihar Florida ta Amurka, cikin jirgin da bai fi naka da yawa ba. Biyu daga cikinsu, Marquis Cooper da Corey Smith, ƙwararrun 'yan wasan ƙwallon Amurka ne, ƙarfafa, a ganiyar ƙuruciya. Da za su dawo ankarsu ta maƙale. Sai suka kwance igiyar daga goshi suka ɗaura a baya, suka ba inji wuta don su fizge ta. Bayan jirgin ya nutse, ya juye da su. Nick Schuyler kaɗai aka samu da rai bayan kusan kwana biyu, yana manne da jirgin. Sauran ukun ba a ga ko gawarsu ba. Duk lokacin da na tuna da iyayen yaran nan zuciyata takan yi nauyi, saboda abin da suke ƙoƙarin ceta ƙarfe ne.

Taka ma za ta maƙale wata rana, Kainji ce. Idan haka ta faru, ka matsa har igiya ta miƙe tsaye, ka ɗaure ta gajere a goshi, ka bar tashi da saukar jirgin su girgiza ta. Idan ta ƙi, ka saki igiya ka zagaya a hankali ka ja ta daga ɗaya ɓangaren, har yanzu daga goshi. Masu dabara tun a gida suke ɗaura sarƙa a gindin ƙugiya, su kwantar da ita a jikin sandar, su kama ta a wuya da siririn zare. Idan ta maƙale zaren ya tsinke, ƙugiyar ta fito ta baya. Idan duk wannan bai yi ba, ga rana tana faɗuwa ko gabas ta yi baƙi, ka ɗaura jarkar da ba komai a ciki a bakin igiyar, ka sake ta a ruwa, ka kai yara gida. Gobe ka dawo da masunci ku ciro ta. In ma lokacin kwancewa ya ƙure, wuƙa ta kasance a rataye kusa da goshi, mai kaifi, inda hannunka zai kai gare ta ba tare da ka tashi tsaye ba.