Kafin ku sayi kyamara don hutun bana



Duk lokacin da hutun ƙarshen shekara ko na Sallah ya gabato, tambaya ɗaya ce ke yawan zuwa mana: wace kyamara ya kamata a saya? Wani zai kawo iyalinsa gida ganin kakanni, wata za ta aurar da 'ya, wasu matasa sun haɗa kuɗin mota za su je Kiri ko Song. Tunda mu ne ke riƙe da kyamarar ƙungiya, mu ke ɗaukar hotunan taro da na gayya, sai ake ganin kamar mun san kan abin. Ba masu hoto ba ne mu, amma ga abin da muka tara a 'yan shekarun nan, domin kuɗin kyamara a yau ba kuɗin wasa ba ne.

Tambayar farko da muke mayar wa mutum ita ce: me wayarka ta kasa yi maka? In dai hoton yara ne a tsakar gida da rana, ko na abokai a bakin Tafkin Geriyo, waya mai ɗan kyau ta wadatar, ka bar kuɗinka ka ƙara a na mai. Inda waya ke gazawa wuri biyu ne: nisa da duhu. Ku tuna hawan Sallah a ƙofar fadar Lamiɗo. Kana can bayan cunkoso, dawakai na can gaba, ka sa yatsa biyu ka buɗe hoton, abin da za ka samu shi ne dishi-dishi, ba a bambance mahayi da rawaninsa. Haka walimar dare idan an ɗauke wuta. Akwai kuma abu na uku da ba a cika faɗa ba: waya ana sace ta, tana faɗawa ruwa, ana sayar da ita idan aljihu ya yi zafi, hotunan shekara biyar su tafi da ita.

To idan kun yanke shawarar saye, kada lambar megafiksel ta ruɗe ku. Ita ce aka fi rubutawa da manyan baƙi a jikin kwali, ita ce kuma mai shago zai fara karanto muku. Ga lissafin a sauƙaƙe. Hoton albam na yau da kullum, mai inci 4 da 6, idan za a wanke shi tas, yana buƙatar ɗigo 1,200 a gajeren gefe da 1,800 a dogon gefe, wato megafiksel biyu da 'yan kai. Babban da ake sa wa firam a rataye a falo, mai inci 8 da 12, bai kai megafiksel 9 ba. Ke nan kyamara mai 12 ko 16 ta ishe ku har da saura. Kyamarar dijital ta farko, wadda injiniya Steven Sasson ya haɗa a kamfanin Kodak na Amurka a 1975, ɗigo dubu goma kacal take kamawa, kuma sai ta ɗauki daƙiƙa 23 kafin ta adana hoto ɗaya a kaset. An yi nisa daga nan, har an wuce abin da idon mutum ke buƙata.

Abin da ya fi lamba muhimmanci shi ne girman farantin da ke kama haske a cikin kyamara, wanda masu sana'a ke ce wa sensa. Ku ɗauka ruwan sama ake tara: wanda ya ajiye baho da wanda ya ajiye kofin shayi ba za su tashi da ruwa ɗaya ba. A ƙananan kyamarori na aljihu, farantin bai wuce milimita 6 da 4 da rabi ba. A manyan da ake sauya wa ido, irin Canon EOS 2000D ko Nikon D3500, ya kai wajen milimita 23 da 15, fiye da ninki goma ke nan. Shi ya sa tsohuwar babbar kyamara ke fitar da fuska sarai bayan magariba, alhali wata sabuwa fil mai kwali mai ƙyalli, wadda ba a san sunan kamfaninta ba amma an rubuta mata megafiksel 48, tana ba da hoto kamar an watsa masa yashi. Irin waɗannan marasa suna, mu dai ba ma ba kowa shawarar ya saya, ko da kyauta ce ake neman yi wa yaro.

Sai zum, wato jawo abu na nesa. Iri biyu ne. Na oftikal shi ne na gaskiya, gilasan idon kyamara ne ke motsawa su kusanto da abin. Na dijital yanka tsakiyar hoton kawai yake yi ya kumbura shi, daidai da abin da waya ke yi da yatsa biyu. Idan mai shago ya ce tana jawowa sau 40, ku tambaye shi nawa ne na oftikal a ciki. Ga mai son dawakin Sallah, ko masunta a kan Binuwai, ko dorinar Kiri wadda babu mai hankalin da zai matsa kusa da ita, oftikal sau 10 zuwa 20 ya yi daidai.

Wacce za a ɗauka ke nan? A ganinmu, mai iyali da ke son abin da zai shiga aljihun riga ko jakar hannu ya nemi ƙarama mai zum na gaskiya daga kamfanin da aka sani: Canon, Nikon, Sony, Panasonic ko Fujifilm. Wanda ke da niyyar koyo sosai, ko yake tunanin nan gaba ya riƙa ɗaukar biki da suna yana samun na cefane, ya nemi babba da idonta na farko mai lamba 18-55. Amma ya san nauyi zai ɗauka. Duk wanda ya taɓa hawa Sukur a Madagali, wurin da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 1999, na farko a Najeriya, ya san hanyar nan ta shimfiɗaɗɗun duwatsu ba ta son kaya a wuya. Mun sha ganin mutum ya sayi babba, bayan tafiya biyu ta koma cikin akwati ta zauna. In za ku Sukur ɗin kuma, ku fara tambayar mutanen yankin halin da hanya take ciki.

Yawancinmu ta hannu za mu saya, kuma babu laifi a ciki, sai dai a duba da kyau. Kada ku biya kuɗin abin da ba ku kunna ba. Ku je da katin memorinku, ku ɗauki hoton farin bango ko sararin sama, ku buɗe shi sosai ku ga ko akwai baƙaƙen ɗigo da ke maimaituwa a wuri ɗaya. Ku haska tocilan waya cikin idon: in kun ga wani abu kamar saƙar gizo-gizo, fumfuna ce, damshin damina ke kawo ta, kuma gyaranta ya kan fi ƙarfin kuɗin idon. Ku jawo zum har ƙarshe ku mayar, ku saurara ko yana gurnani ko yana sarƙewa. Manyan kyamarori suna ƙirga yawan hotunan da suka ɗauka tun fitowarsu, kamar yadda mota ke ƙirga kilomita. Masu sauƙin kuɗi an yi su ne su kai wajen dubu 100, don haka wadda ta fito daga hannun mai hoton biki tana iya kasancewa ta kusa gajiya ko da jikinta na sheƙi. Sannan batir. Kafin ku biya, ku tabbatar ana samun irinsa da cajarsa a kasuwar Jimeta, ko aƙalla a Kano. Ku sayi biyu. Da yanayin wutarmu, da ƙauyukan da za ku kwana babu ita sam, batir ɗaya ba ya kai mutum ko'ina. Mai tafiya ta jirgin sama ya sa na ajiyar a jakar hannu, ba a yarda a jefa shi cikin kayan da ake aunawa ba.

Katin memori ma akwai na jabu, a rubuta giga 64 alhali cikinsa bai kai haka ba. Zai yi ta karɓar hoto, sai an zo buɗewa a ga babu komai. Ku saya a shagon da za ku iya komawa, kuma kati biyu masu giga 32 sun fi ɗaya babba.

Yanzu ga ɗaukar hoton kansa, kuma a nan ne aka fi asara. Ranar Yola ba ta da tausayi. Daga ƙarfe goma sha ɗaya zuwa uku tana tsaye a ka, idanu su faɗa rami, hula ta yi wa goshi inuwa, kowa ya yamutse fuska. Ku ƙara da cewa mu baƙaƙe ne masu son farar shadda. Kyamara tana auna hasken duk abin da ke gabanta ne. Idan farar babbar riga ta cika hoton, sai ta ɗauka haske ya yi yawa ta rage, rigar ta fito da aikinta tsaf, fuskar mai rigar kuwa ta ɓace. Maganin yana jikin kyamarar: akwai maɓalli mai alamar +/-, ku ƙara shi zuwa +1 ku sake ɗauka. Ko ku kunna fitilarta duk da rana ce, ta cike inuwar fuska. Mafi sauƙi duka, ku matsar da mutanen zuwa cikakkiyar inuwa, bakin zaure ko gefen katanga, su fuskanci inda haske ke shigowa. Inuwar dogonyaro tana da daɗin zama amma takan yi wa fuska dabbare-dabbare. Lokacin da hoto ya fi kyau shi ne da hantsi kafin tara, da kuma bayan la'asar sakaliya.

Fitilar nan kuwa ba ta wuce taku huɗu ko biyar. Masu kunna ta daga bayan fili suna son kama amarya a can kan mumbari, ƙeyar na gabansu kawai suke haskawa.

Abu biyu na hannu. Maɓallin ɗauka hawa biyu gare shi: ku danna rabi, ku jira kyamara ta saita ta yi ƙara ko ta nuna koren akwati a kan fuska, sannan ku ƙarasa a hankali. Ku kuma riƙe ta da hannu biyu, gwiwar hannu manne da haƙarƙari. Rabin hotunan da ake cewa kyamara ce ba ta da kyau, girgizar hannu ce. Don doki mai sukuwa ko yara masu guje-guje, ku juya zuwa alamar mutum mai gudu, ko harafin S, wanda a Canon ake rubuta Tv, ku sa 1/1000. Sauran lokuta ku bar ta a Auto ko P, babu abin kunya.

Hutun Disamba lokacin hazo ne. Duwatsun nan uku na Song da kuke gani tar da damina, a watan Janairu sai su zama kamar an lulluɓe su da farin mayafi, kuma babu saitin da zai gyara wannan. Ku matsa kusa, ku sa mutum ko bishiya a gaba. Ƙurar kuma abokiyar gabar kyamara ce. Kada ku cire idon babbar kyamara a fili ana iska, kada ku goge gilashi da bakin riga ko gyale, domin ƙurar nan yashi ce, karce take yi. A fara hure ta da 'yar robar hura iska, sannan a shafa da ƙyalle mai laushi irin na tabarau. A Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, kada a bar ta cikin mota a rufe. A kwalekwale, igiya a wuya, leda a kusa.

Akwai inda ba a ɗaga kyamara. Shingen jami'an tsaro, bariki, filin jirgi, har da kan gadar Jimeta in akwai masu gadi a wurin: ku sauke ta, hoton bai kai wahalar bayanin ba. Ga mutane kuma, a gaisa a nemi izini. Mai tallar nono a bakin hanyar Girei ba dutse ba ce, 'yar wani ce, wataƙila matar wani, kuma mun san kunyar mutanenmu. In ta ƙi, shi ke nan. Haka hotunan matan gida da na 'ya'yan maƙwabta, kada su hau Facebook sai masu su sun sani.

Idan muka duba hotunan da 'yan uwa ke turo mana bayan hutu, kusan duk iri ɗaya ne: an jeru kamar 'yan fareti a gaban mota ko gaban allon suna. A yi wannan ɗin, amma guda ɗaya ya isa. Waɗanda ake nema daga baya su ne waɗanda ba a shirya ba: Inna tana tankaɗe, Baffa a kan buzunsa da rediyo, jikoki sun kewaye akushi. Sau da dama iyali sun zo mana bayan rasuwar dattijo suna neman ko muna da hotonsa a na taro, domin abin da ke gidansu bai wuce na katin zaɓe ba. Ku durƙusa daidai tsayin yaro in za ku ɗauke shi. Ku saita kwanan wata a kyamarar tun ranar farko.

Da kun dawo, ku kwafe komai zuwa wuri biyu, kwamfuta da filasha, ko filasha da ma'ajiyar intanet, kafin ku share katin, kuma a cikin kyamarar ake share shi. In za ku tura ta WhatsApp, ku tura a matsayin fayil, domin turawar da aka saba tana matse hoto ta rage masa kyau. Ku zaɓi ashirin ko talatin ku kai a wanke, ku rubuta sunaye da wuri da shekara a bayansu. Takarda kaɗai ma ba ta isa ba: waɗanda ke zaune kusa da kogi sun ga yadda ambaliyar 2012 da ta 2022, lokacin da aka saki ruwan Lagdo, ta yi da albam da takardun gida.

Wanda ya riga ya saya, kada ya bari sai ranar tafiya ya buɗe kwali. Ya yi mako guda yana ɗaukar yaran gida da awaki, safe da rana da dare. Wanda kuma yake cikin ciniki, in mai shago ya yarda, ya zo da ita ranar taron wata mu duba tare kafin ya biya. Za mu zo da kati da kwamfuta.