Alƙalamin da Bai Taɓa Shan Tawada Ba



Wata bakwai ke nan labarina ya cije a babi na huɗu. Maimakon in zauna masa, sai na tsiri kallon alƙaluman Japan a waya, irin waɗanda ake ɗura wa tawada, musamman na Namiki. Nakan ce wa raina, da ina da irin wannan da tuni na gama littafi.

Ba laifina ba ne, abin da kyau. Akwai wani ƙaro da suke kira urushi, ana tsaga jikin bishiya a tare shi. Shi ake shafa wa alƙalamin, a ajiye a wuri mai laima ya ƙanƙame, a goge, a sake shafawa. A kan ɗanyen shafen ake barbaɗa garin zinare har hoton tsuntsu ko kifi ya fito, aikin da suke kira maki-e. Alƙalami ɗaya kan ci watanni. A 1930 kamfanin Dunhill na Ingila yana sayar da su a Turai. Yau wasu masu tara su a akwati suke kullewa, ko tawada ba sa bari su sha, don kada darajarsu ta faɗi.

Ranar wata Juma'a na hau mota daga Birnin Kudu zuwa Gwaram gaida kakana. Na tarar da shi a zaure yana feƙe alƙalamin gamba, ga kurtun tawada, ga fallayen Alƙur'anin da yake rubutawa da ka. Na miƙa masa wayar ina zuba bayani.

Ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Kai ja'iri, wata nawa ka ce ake yi ana shafar nan?"

Na ce, "Watanni, Malam."

Ya ce, "To mai shafar shi ne ɗan uwana. Mai sayen ban san shi ba."

Sai ya ɗauko wani falle da ya kusa cikawa, ya nuna mini inda harafi ɗaya ya kuɓuce masa. Ajiye shi ya yi gefe, ya jawo sabuwar takarda.

Kunya ta kama ni. Ashe kayan nake ƙyashi, haƙurin da ya yi su kuwa na ƙi koya.

Da biron da nake lissafin shago na koma wa babi na huɗu. Sau uku na sake shi, kuma har yanzu da saura. Ku sa ni a addu'a.