Bakin Hajiyar Maraɗi

Ina ɗinka 'yan tsana da guntayen atamfa da nake samu wajen teloli, in cusa musu auduga. A gidanmu nan Jibiya, duk wanda ya gani sai ya ce "Masha Allah". Yabo da daɗi, amma bai taɓa nuna mini inda zan sa allura ba.

Mai nuna mini wata Hajiya ce daga Maraɗi, da ke biyowa ta Ɗan Isa da Magama duk Lahadi, ranar kasuwarmu. Takan ja hannun 'yar tsana, ta latsa cikinta, ta ce: "'Yata, idon maɓalli yaro zai ɓalle ya haɗiye, yi shi da zare." Na koma zare. Da ta ce in rage duhun fuskarsu, na ce: "A'a Hajiya, kalar 'ya'yanmu ce." Ta yi dariya, ta sari dozin biyu.

Da aka rufe iyaka a Agustan 2023, bayan juyin mulkin Nijar, ƙafarta ta ɗauke. Rashin ciniki ya yi ciwo, amma rashin mai duba aikina ya fi damuna. Wata da watanni ina ɗinki, kowa na cewa ya yi kyau.

Yanzu 'yan mata uku ke koyo wurina. In sun kawo aiki, nakan ɗora yatsa daidai wurin gyara, in faɗi dalili, sannan in yi shiru in ji nasu. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, kuma mai ɗinki tana da ikon cewa a'a.