YADDA NA NEMI ƊAKIN HAYA A BIRNIN KANO

 Yau labarin wata 'yar tafiya zan ba ku. Tafiyar ba ta da nisa, gama daga nan Gezawa ne zuwa birnin Kano, amma ta koya mini abin da ban koya a aji ba.

Bara ne aka ba ni damar ƙaro ilmi na shekara guda a birni. Da fari na ɗauka zan riƙa tafiya da sassafe in komo da maraice. Amma tun da aka janye tallafin man fetur cikin watan Mayu 2023 kuɗin mota ya hau, da na zauna na yi lissafi sai na ga hanya za ta cinye albashin duka. Don haka na roƙi mahaifina ya yarda in kama ɗaki. Ya yi kwana uku bai ce kome ba. Ran na huɗu ya ce ya yarda, amma da sharaɗi guda, watau sai Kawu ya ga gidan da idonsa, ya kuma ga mutanen gidan. In ba a samu ba kafin a buɗe makaranta, to, karatu ya sha ruwa ke nan.

Ku da ku ke karkara kun sani mu ba mu tashi da sanin haya ba. Ƙasarmu a cike ta ke da mutane, gona na bin gona, ba saura ba daji, sai gawo da tsamiya da kuka a tsakanin gero da dawa da gyaɗa. Duk da wannan ƙunci, in baƙo ya zo a kan kai shi wurin mai unguwa, shi kuwa ya nema masa zaure ko ɗaki a gidan wani mai hali. A kai masa ruwa, a kai masa tuwo, ba a ambaci kuɗi ba. Da wannan sani na shiga mota, ina tsammani abin na yini guda ne.

Muka tashi ran Asabar da hantsi, muka bi titin Haɗeja, muka wuce Jogana inda tashar jirgin ƙasa ta ke. Daga nan gonaki suka fara ƙanƙancewa, gidajen bulo suna cin su kaɗan kaɗan, har muka iso 'Yankaba ban san inda ƙauye ya ƙare birni ya soma ba. A can aka haɗa mu da wani dillalin gidaje. Kafin ya ɗaga ƙafa sai da aka ba shi kuɗin yawo. Ya kuma gaya mana hayar birni ta shekara ce a dunƙule, a biya tun kafin a shiga, sa'an nan a ɗora la'adarsa, kashi 10 cikin 100.

Gida na farko ɗaki ne da 'yar rumfa, ga rijiya a tsakar gida. Na gani na yaba. Mai gidan ya fito ya gaisa da Kawu, ya dube ni, ya ce, "Alhaji, ina maigidan nata?" Kawu ya ce, "Ai 'yata ce, malamar makaranta, karatu ya kawo ta." Mutumin ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Allah ya ba da sa'a, amma ni ba na ba mace ita kaɗai." Bai zage ni ba, bai ɗaga murya ba, amma wallahi na fito kamar an watsa mini ruwan sanyi.

Gida na biyu a Fagge ya ke, unguwar da tun zamanin ayari ta ke masaukin Buzaye da raƙumansu a wajen ganuwa. Mai wannan gida ya yarda da mace, amma sai an kawo wanda zai tsaya mata, mai gida nasa a birni ko babban ma'aikaci. Kawu ya ce shi zai tsaya, yana da gonaki da shanun huɗa. Mai gidan ya yi murmushi ya ce, "Baba, in ta gudu da kuɗina, Gezawa zan bi in ɗauko gona a ka?"

Da la'asar muka shiga Sabon Gari. Ita wannan unguwa Turawan mulki suka yanka ta wajen 1913, bayan hanyar jirgi ta iso Kano a 1911, domin ma'aikatan jirgi da na kamfanoni da suka zo daga Kudu da Saliyo da ƙasar da yanzu a ke kira Ghana. Tituna a miƙe su ke kamar an ja su da zare, kowane yare kuwa za ki ji shi a bakin titi. Gaskiya ɗaya ce, a nan ba wanda ya tambaye ni miji. Sai dai gidan da kuɗina zai kai ɗakuna ne jere, famfo guda, banɗaki guda na maza da mata. Kawu ya leƙa sau ɗaya ya juya, ya ce, "'Yar nan, ubanki ba zai yarda ba, ni ma ban yarda ba."

Daren nan a gidan wani abokin Kawu muka kwana. Barci ya ƙi zuwa, sai na kira wata ƙawata a waya, wadda muka yi makarantar horon malamai tare, yanzu tana birnin Tokyo na ƙasar Japan inda mijinta ya ke karatu. Na zayyana mata abin da ya same ni, ina jiran ta ba ni haƙuri. Sai ta fashe da dariya, ta ce ai ko rabin tasu wahalar ban sha ba.

Ta ce a can, ban da kuɗin wata, akwai kuɗin ajiya da a ke riƙewa saboda ɓarna, suna ce masa shikikin. Akwai kuma wani mai suna reikin, watau kuɗin godiya, hayar wata ɗaya ko biyu da a ke ba mai gida kyauta, ba a mayarwa har abada. Dillali ya karɓi nasa, wanda kan kai hayar wata guda. A Tokyo kuma gidaje da yawa sai an sāke biya duk bayan shekara biyu don a sabunta takarda. Girman ɗaki da tabarma su ke auna shi, wata tabarmar ƙasarsu mai kauri da a ke kira tatami, sai a ce ɗaki mai tabarma shida. Suna tuɓe takalma a bakin ƙofa kamar mu. Shara kuwa kowace iri da ranar fitar da ita, in baƙo ya kuskure maƙwabta su kai ƙara.

Amma babbar wahala, in ji ta, ita ce wannan tawa ɗin, wato wa zai tsaya maka. Sau da yawa dillali kan buga wa mai gida waya a gabansu, da an ce baƙi ne sai magana ta mutu. Ma'aikatar Shari'a ta Japan ta fitar da wani bincike cikin 2017, ya nuna kimanin huɗu cikin goma na baƙin da suka nemi gida an taɓa hana su don su baƙi ne kawai. Yanzu akwai kamfanoni da a ke biya su tsaya wa mutum, da irinsu su ma suka sami nasu ɗakin. Na ajiye waya ina mamaki. Ashe ko a ƙasar da ta ke ƙera motoci da jiragen ƙasa masu gudun iska, tambayar mai gida ɗaya ce da ta Fagge.

Kada ku ce na zargi masu gidaje. Wanda ya tara gumin shekara ashirin ya yi gini, dole ya ji tsoron wanda bai sani ba. An yi waɗanda suka gudu da haya, an yi waɗanda suka jawo wa gida abin kunya. Abin da mai gida ke nema shi ne wani da ya sani ya ce masa, "Na san wannan, in ta yi laifi a kama ni."

Kashegari matar mai masaukinmu ta ji labari. Ta yi tunani ta ce akwai wata tsohuwa kusa da Kasuwar Kurmi, mijinta ya rasu, 'ya'ya sun watse, ɗakuna na nan a kulle. Ta yafa mayafi ta ce mu tafi, da ɗan gari a kan ci gari. Muka kutsa cikin lungunan birni, inda adaidaita sahu ba ta shiga, har wani tsohon gidan ƙasa mai soraye biyu. Kawu ya tsaya a soro, mu muka shige.

Hajiya na zaune bisa darduma tana jan tasbaha. Na durƙusa na gaishe ta. Ba ta tambayi albashina ba, sai ta ce, "'Yar wa ce ke a Gezawa?" Na faɗi sunan mahaifina, ba ta san shi ba. Na faɗi na kakata ta wajen uwa, sai ta ɗaga kai. Ashe 'yar kishiyarta aure ya kai ta Jogana, gidansu katanga ɗaya da gidan su kakata. Ta dubi wadda ta kawo ni ta ce, "Kin tsaya mata?" Ta ce, "Na tsaya, Hajiya." Ta ce, "To, 'yata, ɗaki ga shi nan. Ana rufe ƙofa bayan lisha, baƙo namiji iyakarsa soro, ran Juma'a kuwa ke za ki karanta mini takardar maganina." Ta yarda in biya wata uku uku. Kawu ya sa aka rubuta takarda gaban mai unguwa, kowa ya sa hannu.

Zaman da na yi da ita ne ya buɗe mini ido. Ta ce surukinta fatoma ne, waɗannan ɗakuna duka na fataken goro ne. Aikin fatoma shi ne ya sauki baƙo, ya ciyar da shi, ya ajiye masa kaya, ya nemo mai saye, ya yi tafinta, in an ba da bashi ya tsaya, sa'an nan ya ɗauki la'adarsa. Ta ce in saurari sunayen unguwannin da ke kewaye da Kurmi, kasuwar da aka kafa zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Ga Zangon Barebari, ga Agadasawa, ga Tudun Nufawa, ga Ayagi ta Yarabawa, ga Alfindiki wadda sunanta daga kalmar Larabci ta masaukin fatake ya fito. Duka baƙi ne da aka ba wuri har suka zama 'yan gari.

Namu mutanen ma haka suka yi da suka je ƙasar wasu. A Badun, watau Ibadan, an kafa unguwar Sabo ta Hausawa a 1916, masu gidajenta kuwa su ke saukar masu shanu da masu goro, su tsaya musu. Haka zangon Kumasi da na Ankara a Ghana. Ko a nan ƙasar Gezawa muna da garin da a ke kira Zango. Abin da Japanawa suka mai da kamfani, kakanninmu sun daɗe suna yinsa da mutunci.

Sai dai akwai abin da ya tsaya mini a rai. Shekarar da na fara koyarwa an kawo mana wata 'yar hidimar ƙasa daga Kudu, irin waɗanda a ke turowa tun da aka kafa shirin a 1973. Ba ta jin Hausa. Ta yi makonni tana neman ɗaki, ina ganinta da jakarta, ina gaishe ta in wuce. A gidanmu kuwa akwai ɗakin yayata da ta yi aure, ba kome a ciki sai buhunan gyaɗa. Bai taɓa zuwa mini in ce wa Inna mu sauke ta ba. Daga baya ta nemi a sauya mata wuri, yaranmu suka yi zango biyu ba malamin lissafi. Sai da na tsaya a ƙofar wani aka ce ba a ba mace, sa'an nan na tuna da ita.

To, ku 'yan makaranta, wata rana karatu ko aiki zai fitar da ku. Kada ki tafi neman ɗaki ke kaɗai, ki tafi da babba. Tun daga gida ki bincika wa ku ke da shi a garin, ko da dangin nesa ne. Ki ga gidan da rana, ki tambayi ruwa da wuta da banɗaki, ki dubi rufi ko yana yoyo. Kada ki ba dillali kuɗin haya sai kin ga mai gida, kowane kwabo kuma ki karɓi rasit. In kin shiga, ki gai da mai unguwa da maƙwabta, ki kiyaye dokar gida, gama halinki ne zai buɗe wa ta bayanki ƙofa ko ya rufe.

Ku kuwa iyayenmu da yayyenmu matan aure, ku tuna mata biyu ne suka ceci karatuna, ɗaya ta yafa mayafi ta raka ni, ɗaya ta buɗe ɗaki. Malamar da aka turo garinku, ko unguwarzomar asibiti, ita ma 'yar wani ce. Ku bincika halinta, in kun gamsu ku yi wa maigida magana, ku ce kun tsaya mata. Bana an sāke kawo mana wata, Inna ta sa an kwashe buhunan gyaɗa, har ta fara koyon tuƙa tuwo.

Sai wani makon in Allah ya kai mu. Haza wasalam.