Ekutar a kunne, kwamfuta a gaba: aiki yaron yake ko shan kiɗa?

Tun da na fara koya wa matasa rubuta manhajar kwamfuta da maraice a nan Maraɗi, ƙorafin da iyaye suka fi kawo mini shi ne na ƴan wayoyin nan da yara ke cusawa a kunne, waɗanda suke kira ekutar. Uba zai ce, "Malam, shekara guda na yi ina tara kuɗin kwamfutar nan, amma duk sa'ad da na leƙa ɗaki sai in tarar yana kaɗa kai. Aiki yake ko shan kiɗa?" Malaman lise ma kukansu ke nan da ɗaliban da ke bitar darasin Bak waƙa na tashi a kunnensu.

Ni ma ina sauraren kiɗa idan ina aiki, don haka ba zan ce wa kowa ya ƙwace ekutar ɗin ɗansa ba. Sai dai akwai sa'ar da nake kunnawa, akwai sa'ar da nake kashewa, kuma sanin wannan iyaka shi ne abin da nake so yaranmu su koya.

Bahaushe ya daɗe da haɗa aiki da waƙa. Mata na daka suna rerawa har da lugude, ana niƙa a dutse ana waƙa, ranar gayya makaɗi na biye da manoma da gangar noma. Amma a duba waɗannan ayyuka da kyau: dukansu hannu ya riga ya san su, waƙa tana rage gajiya ne kawai, ta daidaita motsi. Ba wanda ya taɓa gayyato makaɗi wurin rabon gado. Ɗan kasuwa ma idan ya zo ƙirgar cinikin rana, rage muryar rediyo yake yi ba tare da an ce masa ba.

Rubuta manhaja ya ƙunshi iri biyun nan duka. Akwai aikin hannu: shigar da sunayen ɗalibai ɗari uku, gyara launin shafi, maimaita wani tsari da na rubuta sau hamsin a baya. A nan kiɗa abokina ne, yana hana ni gyangyaɗi bayan azahar. Akwai kuma aikin kai. A ce wani darakta ya ba ni aikin manhajar fitar da mwayen ɗin ɗalibai. Na gama, tana tafiya, kwamfuta ba ta nuna kuskure ko ɗaya ba, amma yarinyar da ta yi rashin lafiya ranar jarrabawa guda ta faɗo daga 13 zuwa 9, domin manhajar ta ɗauki gurbin da babu maki a matsayin sifili. Kafin in gano haka sai na riƙe abubuwa huɗu ko biyar a kaina lokaci guda, ina faɗa wa kaina a zuci: idan babu maki a tsallake, kada a haɗa kwafisiyan ɗin darasin, sannan a raba. Da murya nake wannan tunani, ko da leɓe bai motsa ba. Idan mawaƙi na magana a kunnena, muryoyi biyu ke nan suna neman ƙofa ɗaya.

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da bin diddigin wannan. A 1974 Alan Baddeley da Graham Hitch suka bayyana cewa ƙwaƙwalwa tana da wani ɗan ma'aji na wucin gadi inda take riƙe kalmomi da lambobi na ƴan daƙiƙu, kamar yadda mutum ke nanata lambar waya kafin ya rubuta ta. A 1989 Pierre Salamé da Baddeley suka sa mutane riƙe jerin lambobi ana kunna musu sauti, sai aka ga waƙa mai kalmomi ta fi kiɗa zalla ɓata musu riƙon. An kuma gano cewa ko magana cikin harshen da mutum ba ya ji tana taɓa wannan ma'aji. Ke nan yaron da ya ce shi waƙar Indiya yake saurare, ba ya jin abin da suke faɗa, bai tsira duka ba.

Mu kuma namu ya fi tsanani, don waƙar Hausa magana ce tsantsa: kirari, habaici, zambo, labari. Wa zai iya kunna Shata ko Ɗan Maraya ya ce ba zai bi zancen ba? Ko kalangu aka bari shi kaɗai, kunnen Bahaushe kalmomi yake ji a ciki, tun da hawa da saukar muryar magana yake kwaikwayo. Shi ya sa idan ina son sauti a lokacin aiki mai ɗan nauyi, nakan nemi wanda ba ya ce mini komai, kamar sarewa ko jita mai tafiya a hankali, kuma wanda na saurara har na daina lura da shi.

Akwai wani labari da masu sana'armu suka sani daga littafin Peopleware na Tom DeMarco da Timothy Lister, wanda ya fito a 1987. Sun ce a jami'ar Cornell ta Amurka an raba ɗalibai ɗaki biyu, ɗaya da kiɗa, ɗaya shiru, aka ba su aikin manhaja iri ɗaya. Wajen sauri da daidaito kusan kunnen doki suka yi. Amma an ɓoye wata dabara a cikin aikin: duk doguwar hanyar lissafin, a ƙarshe lambar da aka shigar ita ce ke fitowa. Mafi yawan waɗanda suka farga daga ɗakin shiru suke. Abin da ke tsorata ni ke nan game da mai koyo. Zai gama aikin, ya nuna wa malam, amma bai ga abin da aikin ke koyarwa ba, kuma shi kansa ba zai san ya yi asara ba.

Gaskiya ne akwai binciken da ya goyi bayan kiɗa. A 2005 Teresa Lesiuk ta bi masu rubuta manhaja 56 a Kanada tsawon mako biyar, ta ga a lokacin da aka hana su kiɗa walwalarsu ta ragu, ingancin aikin ya sauka, kuma sun fi daɗewa a kansa. Sai dai waɗannan ma'aikata ne da suka san sana'arsu. Abin da ya zama aikin hannu gare su, ga ɗan wata uku da farawa aikin kai ne tun daga layin farko.

Kafin mu ɗora wa yaro laifi, mu saurari gidanmu da kunnensa. Tele na kunne a tsakar gida, ƙanne na guje-guje, injin niƙa a maƙwabta, kabu-kabu a titi, samarin fada na shan shayi a gindin taga. Da yawa daga cikin ɗalibaina sun ce mini ekutar ita ce ƙofar da za su iya rufewa, tun da ɗakinsu labule gare shi. Hirar mutanen da ka sani ta fi kowane kiɗa jan hankali, don haka yaron da ya toshe ta da kiɗa marar kalmomi dabara ya yi. Idan muka cire ekutar muka bar hayaniyar, ba mu ƙara masa komai ba. Awa guda ta shiru bayan isha'i, tele a kashe, ba aike, ba kira, ta fi dogon faɗa amfani, kuma ba ta cin ko dala.

Wasu iyaye kan ce to ya sa karatun Alƙur'ani maimakon waƙa. Niyyar mai kyau ce, amma karatu abin saurare ne da natsuwa, kuma malamai suna kawo aya ta 204 a Suratul A'araf kan wannan ladabi. Yaron da ke farautar kuskure a manhaja ba zai ba karatun haƙƙinsa ba, aikin ma haka. Gara kowanne ya samu lokacinsa.

Saura batun kunnen kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa sama da biliyan ɗaya ne ke cikin haɗarin rasa ji saboda sauraren sauti da ƙarfi. Ma'aunin da ta bayar shi ne desibel 80 na awa 40 a mako ga babba, desibel 75 ga yaro. Ba mu da abin awo a gida, amma ga gwaji mai sauƙi: idan ka tsaya kusa da shi ka yi magana da muryar hira bai ji ba, ko kai kana jin waƙar daga inda kake, sautin ya yi yawa. Ƙwayoyin ji na cikin kunne idan suka lalace ba sa sake tsirowa.

A ajina dokar gajera ce. Sabon darasi, karanta tambaya, neman kuskure: kunne a buɗe, ko kiɗa marar kalmomi idan hayaniya ta yi yawa. Maimaici da shigar da bayanai: kowa ya saurari abin da yake so, a hankali. Wanda ya yi gardama ba na jayayya da shi. Nakan ba shi tambayoyi biyu masu nauyi ɗaya, ya yi ɗaya da waƙa, ɗaya babu, sannan ya rufe kwamfuta ya bayyana mini yadda ya warware kowacce. Uba ko uwa da ba su taɓa taɓa kwamfuta ba za su iya yin wannan gwaji da lissafi ko tarihi, domin mai bayanin abin da ya fahimta daban yake da mai lalube. Hukuncin da yaro ya yanke da kansa bayan ya ga bambanci shi zai bi shi har jami'a, inda babu mai leƙa ɗakinsa.

Allah ya yi wa karatun ƴaƴanmu albarka.