Baƙin Dagona sun fara haramar tafiya

Jama'a, duk mai son ganin tsuntsayen fadamun Haɗeja da Nguru kafin su tashi, to yanzu ne. Daga Maris zuwa Afrilu, zafin bazara na tsananta, su kuma baƙin da suka sauka tun bayan damina suna shirin komawa Turai da Rasha, inda za su yi ƙwai.

A yi sammako a je Dagona a ƙasar Bade, ko Baturiya a Jigawa. Ruwa ya ja baya, saboda haka duk sun taru wuri guda: ƙananan agwagin Turai a tsakiyar dinya da kirinjijiya, zalɓe tsaye a gefe, wasu masu dogayen ƙafafu suna tsintar ragowar shinkafa a gonakin da aka girbe. Ba komai suke yi ba sai ci, dare da rana. Guzuri suke haɗawa, domin Sahara na gabansu, babu ruwa babu inuwa. Akwai 'yan ƙananan da sai nauyinsu ya kusa ninkawa kafin su tashi. Wanda bai tara kitse a nan ba, a yashi zai faɗi.

Abin da ke damuna ke nan. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, aka ƙara ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke shayar da fadamun nan ta ragu. Ciyawar kachalla ta toshe hanyoyin ruwa, wani wuri ya bushe ƙarƙaf, wani ya nutse shekara sukutum, jan baki ya samu maɓoya yana cinye gero da shinkafa. Masunci na kuka, manomi na kuka, makiyayi ma haka. Ruwan da suka rasa shi ne dai wanda tsuntsun ya rasa, shi ya sa raina ke ɓaci in na ji ana cewa kallon tsuntsu aikin Bature ne. Gaskiya ne Yarima Philip na Ingila ya zo Dagona a 1989, amma ai mu muke kwana a bakin ruwan.

A ɗauki yara a tafi da su, a bar danƙo a gida. A zauna shiru, a tambayi masunta sunan kowane tsuntsu, sun fi kowa sani. Nan da 'yan makonni fadama za ta yi fayau, sai kuma shamuwa ta iso daga kudu, manoma su fara gyaran gona.